Gargaɗi ga masu nutso: sefa dubu 380 na biya, tsatsa ya aiko mini

Jama'a, yau kwana huɗu ban yi barcin kirki ba. Sefa dubu 380. Tukunyar iska biyu na ƙarfe, irin wadda mai nutso yake goyawa yana shaƙar iska a ƙarƙashin ruwa, masu lita 12, kowace dubu 190, ban da dubu 15 na mota daga Duwala zuwa Garwa, wanda shi ma ni na biya. Kuma ko ɗaya ba ta shiguwa ruwa.

Duk wanda ya san ni a Lagdo, nan arewacin Kamaru, ya san ba jiya na fara nutso ba. Shekarata goma sha ɗaya ina ciro wa masunta injin kwalekwale da taru idan sun maƙale a itatuwan da ruwa ya cinye tun da aka datse Binuwai a 1982. Don haka kada wani ya zo yana ce mini ai ban yi tambaya ba. Na yi. Na ce wa mai sayarwar ya nuna mini kafaɗar tukunyar, wurin da ake buga lamba da shekarar ƙira da ranar gwaji. Ya kira ni ta bidiyo a WhatsApp, ya kai kyamara dab, na ga bar 200, wato ƙarfin matsin iskar da take aiki da shi, na ga kwanan gwaji na bara. Da idona na gani.

Sai ya ce, "Ɗan'uwa, tsakanina da kai Allah ne. Abin da zai hallaka Musulmi ba zan sayar masa ba." Wallahi wannan maganar ce take hana ni barci. Har ya ce in dakata zai yi la'asar, mu ƙarasa bayan salla. Ya yi salla ya dawo, ni kuma na tura kuɗin. A'a, rabi na fara turawa, dubu 190, washegari ya turo hoton kwali a tasha na cika sauran. Ko ranar Laraba ce ma. Duk yana cikin wayata, zan sa hotunan ku gani.

Ranar Asabar na kai su wurin dattijon da ke cika mana iska, wanda ya yi aikin nutso a tashar jirgin ruwa tun ina yaro. Ko injin bai tayar ba. Ya shafa fentin, ya ce, "Yaro, wannan fentin bai kai wata ba." Ya cire robar gindin, sai ga ramuka an like su da irin abin da masu gyaran jikin mota suke cike lotsawa da shi. Ya kwance kan tukunyar, wato famfon da iska ke fita ta cikinsa, ya kifa ta a kan jarida. Jan ruwa ya zubo, kusan cikin kofin shayi, da ɓarɓashin tsatsa kamar dusa. Ya zura ƙaramar fitila ya ce in leƙa. Na leƙa. Jikina ya mutu.

Na ce, Baba, ai an yi mata gwaji bara, ga shi a rubuce. Ya ce in sake dubawa. Lambobin ba su daidaita ba, ɗaya ta hau ɗaya ta sauka, kuma babu alamar wurin da ya yi gwajin a gefensu. Da guduma kawai aka buga. Gwajin gaskiya da ruwa ake cika tukunya, a matsa ta fiye da ƙarfin aikinta, mai bar 200 sai ta kai 300, a auna yadda ta kumbura da yadda ta koma. Da ruwa ake yi domin ruwa ba ya matsuwa, ko ta fashe tsagewa kawai za ta yi. Amma da iska a ciki, bam ce. Baba ya ce wannan da ta ga gwaji da tuni an yanka ta an sayar wa 'yan gwangwan.

Ta biyun ta fi ba ni tsoro. Cikinta da dama-dama, amma kan ba nata ba ne. Zaren wuyan, wato zagayen da ake murɗa kai a ciki, tsoho ne na 3/4, aka ɗaura masa kai mai wani zare daban, M25. Yana shiga kamar ya zauna, sai an cika iska ya fita kamar harsashi, kuma irin wannan ya sha yi wa mutane mummunan rauni. Ƙanena na saya wa wannan. Shi zai goya ta a bayansa. Kuɗin ma da adashen mahaifiyarmu a ciki, dubu 100, har yanzu ban iya gaya mata ba.

Kuma fa wani abokin sana'a ne ya turo mini tallar, ba haka kawai na faɗa ba. Na tambayi mai sayarwar ko ta Turai ce, ya ce daga Faransa, inda ake duba cikin tukunya duk shekara. Na nemi takardar gwaji, ya ce tana cikin kwali. Babu komai a kwalin sai tsummoki. Na kira shi ya fi sau talatin. Na farko ya ce ruwan hanya ne ya shiga. Ruwan hanya a tukunyar da ke rufe! Daga nan ya toshe ni. Dubu 380, da salla a bakinsa.

Kada ku sayi tukunyar ƙarfe ta hoto. A kwance kai a gabanku, a leƙa ciki da fitila, a cire robar gindi, a duba zaren. Sabon fenti a tsohuwar tukunya, ku gudu. Taku ta gida kuma kada ku bar ta wayam, ku bar mata iska kaɗan a ciki don kada damshi ya shiga.

Ranar Litinin zan kai ƙara wurin jandarma da tukwanen biyu da jaridar da tsatsar ke ciki. Hotunan hirarmu da rasit ɗin kuɗin suna nan tafe da daddare, in na samu caji.