Bawul mai hana ƙazantar magudana komowa gida: aikinsa, iyakarsa, da irin da ya kamata a saya

A ido wannan bawul ba wani abin kallo ba ne. Akwati ne na roba mai kauri, da bakin shiga da bakin fita, a ciki akwai ƙyaure guda mai lilo, a sama kuma marfin da ake kwancewa a leƙa. Ana dasa shi a kan bututun da ke kwashe ƙazantar gida zuwa babbar magudanar titi. Ruwa ya fito daga gida, ƙyauren ya ba shi hanya. Ruwa ya juyo daga titi, ƙyauren ya rufe. A ganinmu, cikin duk kayan da ake sayarwa da sunan maganin ambaliyar ƙazanta, babu wanda ya kai shi amfani idan aka duba ƙanƙantarsa. Sai dai cuta ɗaya tak yake magani, kuma da yawa daga masu sayensa ba ita ke damunsu ba.

Saboda haka kafin a je kanti, a fara gano daga ina ruwan yake zuwa. Idan ƙazanta tana tasowa ta ramin wanka ko masai na ƙasa a daidai lokacin da wani ya ja ruwa a bene, ko injin wanki yake zubar da ruwansa, to toshewar a bututun gidan take, ko maiƙo ne ya daskare, ko jijiyar bishiya ta kutsa ta mahaɗa, ko bututun ya lotsa ya yi ciki. Bawul ba ya yi wa wannan komai, ƙarshenta ma ya ƙara wa tarkace wurin maƙalewa. Idan kuwa ana tsaka da ruwan sama mai ƙarfi ne, babu wanda ya taɓa famfo a gidan, amma baƙin ruwa ya fara ɓulɓulowa, to babbar magudana ce ta cika ta tumbatsa, kuma wannan ne aikin bawul. An fi ganin haka a garuruwan da bututu ɗaya ke ɗaukar ruwan sama da ƙazantar gidaje a haɗe. Hanya mafi sauƙi ta tabbatarwa ita ce a buɗe ramukan duba bututu ɗaya bayan ɗaya: in na kusa da gida ya cika, na gabansa kuwa wayam, toshewar tana tsakaninsu. In har na bakin titi ma ya cika, matsalar daga waje take. Wanda ke da hali ya sa a zura kyamara a bututun, domin ita ce ke nuna tsagewa da lotsawa da ido ba ya gani.

Ruwa ba ya wuce tsayin inda ya samu mafita. Idan magudanar titi ta cika, ruwan zai yi ta hawa har ya kai marfin ramin da ke kan titi, daga nan ya malala waje. Wannan tsayin shi ne ma'auni. Duk masai, ramin wanka ko wurin wanke-wanke da bakinsa ke ƙasa da wannan marfi yana cikin haɗari, wanda ke sama da shi kuma ba ruwansa. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da gidajen da ke gangare da titi su ne suka fi shan wahala.

Irin da aka fi samu, kuma mafi araha, shi ne wanda ƙyaurensa ke rataye a rufe kullum, sai ruwan gida ya tura shi ya buɗe. Yana da kyau a reshen da ruwa kawai ke bi, kamar ramin wanka ko na injin wanki, kuma yana tare ɓeraye masu biyo bututu. Amma ba ma son sa a kan babban layin da masai ke zuba a ciki. Masai na zamani da lita 6 kacal yake kora ƙazanta, kuma kafin ruwan ya iso bawul ƙarfinsa ya ragu, sai ya ɗaga ƙyauren kaɗan ya wuce ya bar takarda da dunƙulen ƙazanta a bakin. Tsumman goge jiki guda ɗaya mai laima, irin wanda ba ya narkewa, ya isa ya hana ƙyauren zama daram. Ranar da ambaliya ta zo, ta wannan 'yar kafar ruwan zai shigo, mai gida kuwa yana can hankali kwance. Ga kuma wata illar: rufaffen ƙyaure yana hana iska zagayawa a bututu, abin da dokokin gini na wasu wurare ba su yarda da shi ba a kan babban layi.

Na biyu, wanda muka fi yabawa ga yawancin gidaje, ƙyaurensa a kwance yake a ƙasan akwatin, bututun a buɗe gaba ɗaya. An maƙala wa ƙyauren wasu 'yan abubuwa marasa nauyi da ruwa ke ɗagawa. In ruwa ya juyo ya fara cika akwatin, sai su tashi da ƙyauren, matsin ruwan ya ƙarasa manna shi da zoben roba. Samfurin Mainline Fullport da ake yi a Kanada irin wannan ne. Ƙazanta na wucewa ba tare da ta ture komai ba, iska na zagayawa, kuma wasu suna zuwa da marfi garai-garai da ake hango ciki ba sai an kwance ba, abin da muke ganin ya cancanci ƙarin kuɗinsa. Rauninsa a ƙarƙashin ƙyauren yake. Yashi da maiƙo suna taruwa a can, su manne shi da ƙasa, ya kasa tashi. Yana kuma da tsananin son gangara. In bututun bai gangara sosai ba, ruwa ya kwanta a cikin akwatin, ƙyauren ya ɗan ɗago ya zama tarko ga duk abin da ya biyo.

Akwai kuma mai aiki da lantarki, wanda na'ura ke jin tasowar ruwa ta sa ƙaramin inji ya rufe ƙyauren da ƙarfi, ta kuma kaɗa ƙararrawa. Ƙa'idar Turai mai lamba EN 13564 ta kasa waɗannan na'urori gida-gida, kuma Nau'i na 3 shi ne mai rufewa da ƙarfin inji, da madatsin hannu na gaggawa, wanda aka tanada don ruwan da ke ɗauke da bayan gida. Staufix FKA na kamfanin Kessel da ke Jamus misali ne. Rufewarsa ta fi ta sauran tabbas, kuma ƙararrawar kaɗai babban abu ce, domin tana sanar da mutanen gida su daina zuba ruwa. Amma ya fi tsada nesa ba kusa ba, kuma ruwan sama mai ƙarfi sau da yawa tare yake zuwa da ɗaukewar wuta, don haka lafiyar batirinsa ita ce lafiyarsa. Madatsin hannu zalla, wanda ake murɗawa ko a danna, yana rufewa gam, sai dai ambaliya ba ta jiran mai gida ya farka ko ya dawo daga tafiya. Ya dace a matsayin ƙari kawai.

Yawancin bawul ɗin da aka ce sun gaza, in aka tona, wurin dasawa aka kuskure. Kuskure mafi muni shi ne a bar bututun ruwan rufi yana zuba a bayan bawul, wato ta ɓangaren gida. A lissafa: rufi mai faɗin murabba'in mita 100, aka yi ruwan milimita 30, lita 3,000 ke nan. Bawul ya rufe saboda titi ya cika, wannan ruwan duka ba shi da mafita sai ramin wankan ɗakin ƙasa. Dole ruwan rufi da na tsakar gida su haɗu da layin a gaban bawul, ko a ware musu hanyarsu dabam. Haka ma banɗakunan bene da duk abin da ke sama da tsayin titi: su bi layin da ya zagaye bawul ɗin, shi kuma ya tsare na ƙasa kawai. A tsohon gini raba layukan na nufin fasa daɓe, shi ya sa ake yawan dasa guda ɗaya a kan babban layi a huta. Yana aiki, amma da sharaɗin da za mu zo kansa.

Bututun gida yawanci milimita 110 ne, wato inci 4, kuma bawul ya zama daidai da shi, kada a rage. Gangarar da ake nema ita ce aƙalla santimita 2 a kowace mita. Da yawa daga cikin waɗannan akwatuna bakin fitarsu ya ɗan fi na shiga ƙasa, saboda haka a tsohon layi sai an tone mita ɗaya ko biyu a kowane gefe an sake daidaita bututun, in ba haka ba gefen fita ya koma yana hawa. A dubi kibiyar da ke jikin akwatin, ta fuskanci titi; ana dasa shi a juye fiye da yadda ake zato. A ɗora ma'aunin magina mai nuna karkata a kansa ta gefe da gefe, domin ƙyauren da ya karkace ba ya zama daidai a kan zobensa. A bar ɗan miƙaƙƙen bututu kafin bakin shiga, kada a manna shi da gwiwa inda ruwa ke hautsinewa. Sannan a gina masa rami mai marfi wanda hannu biyu za su shiga su yi aiki. Bawul ɗin da aka binne ƙarƙashin siminti ko tayil, gara ma ba a saya ba. Kafin a mayar da ƙasa, a toshe gefen titi a cika shi da ruwa, a tsaya a ga ko yana tsiyayowa baya.

Ga sharaɗin. Da zarar ƙyaure ya rufe, gidan ba shi da magudana. Bututun milimita 110 lita 8 zuwa 9 yake ɗauka a kowace mita, wato layin mita 10 bai wuce lita 90 ba, kuma wanka ɗaya a shawa ko wanki ɗaya a inji na iya cinye mafi yawansa. Daga nan ruwan gidan ne da kansa zai fito ta rami mafi ƙasa. In a ɗakin ƙasa akwai masu zama, ko masai ɗaya ne a gidan kuma yana ƙasa da titi, bawul bai isa ba. Abin da ya dace shi ne rufaffen tanki mai injin tura ƙazanta, wanda bututunsa ke hawa sama da tsayin titi ya lanƙwaso kafin ya sauka magudana. A tabbatar injin na ƙazanta ne, mai iya wuce dunƙule har milimita 50 ko mai niƙa shi. Injin ruwa mai tsabta minti kaɗan zai yi ya shaƙe.

Akwai abin da masu sayarwa ba su cika faɗa ba. Ruwan da aka tare bai gushe ba, matsinsa na nan a kan bututun da ke gaban bawul. Tsayin ruwa na mita 1 yana danna kowace murabba'in mita da nauyin tan guda. Tsohon bututu mai sassaucin mahaɗa zai riƙa zubar da ruwan cikin ƙasa kusa da harsashin gini, daga nan ya ɓullo ta tsagar daɓe. Wannan ma dalili ne na zura kyamara tun farko. Marfin bawul ɗin kansa dole a ɗaure shi tsaf da zobensa, in ba haka ba ta nan ruwan zai fito.

Kulawarsa ba ta wuce kwata na awa ba, sau biyu a shekara, da kuma bayan kowace ambaliya. A sa safar hannu ta roba da tabarau, a hana kowa zuba ruwa, a kwance marfin, a ɗan ja baya iska ta fita domin iskar magudana tana da guba kuma tana kama wuta. A kwashe tarkace, a watsa ruwa a ƙarƙashin ƙyaure da mazauninsa, a motsa shi da hannu a ji ko yana lilo ba tirjiya. A shafa zoben roba da yatsa: in ya bushe, ya tsage ko ya baje, a canza. Man silikon ake shafa masa, man inji yana cin roba. Duk mai gyaran da zai zura waya don buɗe toshewa a gaya masa akwai bawul a layin, saboda wayar kan sarƙe ƙyaure ta karya shi wajen jawowa. Maiƙon girki da tsumman goge jiki kuwa, kwandon shara ne wurinsu.

In ƙazantar ta riga ta shigo, a kashe wuta daga babban makunni muddin za a kai gare shi ba tare da taka ruwa ba, a fitar da yara da dabbobi, a buɗe tagogi. Ruwan yana ɗauke da ƙwayoyin gudawa da na ciwon hanta nau'in A, don haka mai rauni a fata kada ya taɓa. A ɗauki hotuna kafin a fara kwasa, saboda inshora. Katifa, darduma da duk abin da ya tsotsi ruwan a zubar, bangon allo, wato wanda ba na bulo ba, kuma a yanke shi aƙalla santimita 30 sama da shaidar ruwa. Daɓe da tayil a fara wanke su da sabulu, domin bilic ba ya aiki a kan datti, sannan a bi da kofi 1 na bilic, kimanin mililita 240, a cikin lita 19 na ruwa, kamar yadda CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ba da shawara. Kada a gauraya shi da wani sinadarin wanki, musamman mai amoniya. A busar da wurin cikin awa 24 zuwa 48 kafin fumfuna ta kama.

A wurin saye, a tambayi abu ɗaya kafin komai: ana samun ƙyaure da zoben roba na wannan samfurin su kaɗai? Su ne ke mutuwa, akwatin kuwa yana daɗewa. Samfurin da ba a sayar da kayan gyaransa, ranar da zobensa ya tsage sai an sake fasa daɓe a ciro shi ɗungurungum.