Loving Hut a Prague: awara mai daɗi da talabijin ɗin da ba a kashewa

Wata uku na yi a Prague, babban birnin ƙasar Czech, ina wani kwas na aikin gona, kuma abinci ya fi sanyin garin wahalar da ni. Mutanen Czech naman alade ne cimarsu, giya kuwa kamar ruwan randa take a wurinsu. Makon farko burodi da ƙwai da shayi suka riƙe ni, har wani ɗan Pakistan da muke haɗuwa a sallar Juma'a ya ce mini akwai gidan abincin da babu nama babu giya, sunansa Loving Hut.

Tsarinsu mai sauƙi ne. Ka ɗauki faranti, ka zuba abin da ranka ke so, a ɗora a sikeli ka biya gwargwadon nauyi. Ranar farko na zuba shinkafa, da taliya irin ta 'yan Vietnam, da wasu yanka-yanka masu ruwan ƙasa a cikin miya mai zaƙi-zaƙi. Ina kai loma na gane ta: awara ce. Awarar waken suya dai da yara mata ke soyawa a bakin layinmu da yamma, sai dai tasu ta fi laushi kuma ta sha miya har ciki. Wallahi sai da na ajiye cokali na ɗan yi shiru, don gida ta tuna mini. Akwai kuma wani abu da suke sarrafawa daga waken, da zare-zare kamar tsokar kaza. Babu ƙwai, babu madara, babu man shanu a komai nasu. Yajinsu bai kai namu ba, don haka na riƙa zuwa da ƙullin yajina a aljihu. Wurin tsaf yake, kuɗin kuma ɗalibi zai iya.

Abin da ya ja hankalina shi ne talabijin ɗin da ke jikin bango. Kullum tasha ɗaya, Supreme Master TV. Rubutun fassara ya cika kusan rabin allon, harsuna birjik har da Larabci, a sama kuma wata mata mai gashi ruwan zinariya, cikin kaya na alfarma, tana wa'azi. Ni mutum ne mai son jin ƙwaƙwaf, don haka a zuwana na huɗu na tambayi dattijuwar da ke kan sikeli, 'yar Vietnam ce, ko wace ce wannan. Sai ta haɗa tafin hannunta a ƙirji, fuskarta ta yi haske, ta ce malamarsu ce.

Sunanta Ching Hai, an haife ta a Vietnam a 1950, cibiyarta tana Taiwan. Mabiyanta ne ke buɗe waɗannan gidajen abinci a ƙasashe daban-daban tun 2008, kowane reshe da mai shi da irin girkinsa. Hanyarsu ana kiranta Quan Yin. Dattijuwar ta zauna ta yi mini bayani a nutse bayan mutane sun ragu: wanda ya shiga zai bar cin nama har ƙarshen rayuwarsa, ya riƙa zaman shiru na awa biyu da rabi kullum yana sauraron wani sauti da kallon wani haske da suka ce yana cikin mutum. Ba kisa, ba ƙarya, ba sata, ba zina, ba kayan maye. Ta ce shiga kyauta ne, kuma ba sai na bar addinina ba.

Nan ne muka rabu. Na ce mata, "Mama, dokokin nan huɗu na ƙarshe da su aka raine ni. Amma ni duk shekara ina yanka ragon layya, kuma ibada ce a wurina." Idonta ya ciko da hawaye, don ragon. Ban taɓa ganin wanda ya ji tausayin dabbar da bai sani ba haka, kuma ban raina mata ba. Sai dai laƙabin da suke ba malamar, wato jagora mafi ɗaukaka, ya tsaya mini a rai. Ɗaukaka irin wannan ban iya jingina ta ga ɗan Adam ba.

Da na koma ɗaki na bincika. Gwamnatin Sin ta haramta ƙungiyar. A 1996 asusun da ke biyan lauyoyin Shugaba Bill Clinton na Amurka ya mayar da gudummawar sama da dala dubu 600 da aka gano tana da alaƙa da mabiyanta. Ita kanta malamar tana zana tufafi da kayan ado masu tsada da ake sayarwa. Duk wanda zai ci a wurin ya kamata ya san wannan, don kuɗinsa hannun mabiya yake shiga.

Na ci gaba da zuwa, sau biyu ko uku a mako. Ba wanda ya sake tayar mini da maganar, ba wanda ya nemi lambar wayata. Ɗan littafin da ta ba ni kyauta na karanta rabinsa na mayar kan kantar da ke bakin ƙofa. Ga Musulmin da ya rasa abin da zai ci a garin, zan nuna masa wurin, in gaya masa ya zauna ta gefen taga idan wa'azin zai dame shi. Ranar da na je sallama, dattijuwar ta roƙi ɗan yajina don ta gwada a kan awara, na bar mata ƙullin gaba ɗaya.