Na buɗe kamfani da akawun a Morishus daga nan Abuja, ga yadda ta kaya

Tunda labari ya fita cewa na yi rajistar kamfani a Morishus 'yan uwa 'yan kasuwar riɗi da citta suke ta kirana, wasu na tambayar ya aka yi, wasu kuma a tunaninsu can ne ake kai kuɗi a ajiye ba mai ce maka daga ina. To bari in faɗi yadda muka yi da ofishin da ya min aikin, a Wuse 2 yake, ba zan kama suna ba.

Masu sayen kayana yawanci a Indiya da Dubai suke, kuma akwai abokin hulɗata ɗan Kenya da muke so mu haɗa jari, shi ya kawo shawarar Morishus. Tsibiri ne a tekun Indiya gabas da Madagaska, mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba. Baƙo ba ya buɗe irin wannan kamfanin da kansa, dole sai ta hannun kamfanin gudanarwa mai lasisin FSC, hukumar da ke kula da harkokin kuɗi a can, su na Wuse ɗin dillalai ne kawai a tsakani.

Ranar farko yaron ofishin ya ce min "Alhaji ai sati biyu ne an gama, fasfo kawai za ka kawo." Wallahi wata uku da 'yan kwanaki muka yi, kuma wannan maganar tasa ita ce babban laifin da na gani a wajensu, don ya san ba haka ba ne. Fasfo sai da lauya mai hatimin notari ya buga masa sitamp. Sai shaidar adireshi wadda ba ta wuce wata uku ba, a nan na fara shan wuya, don gidan da nake haya a Kubwa mitar wuta da sunan mai gida take, kati muke saye ta waya, ba wata takarda da ke zuwa da sunana, sai da na je bankina aka fitar min da sitetimen mai ɗauke da adireshin gidan tukunna suka karɓa. Ana cikin haka suka gano sunana a fasfo Muhammad ne, a takardar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta nan gida, kuma Mohammed, harafi biyu kacal amma fayil ya tsaya cak sai da na je kotu na yi rantsuwa cewa mutum ɗaya ne.

Inda aka fi daɗewa shi ne tambayar asalin kuɗi, kuma kashi biyu suka raba ta: kuɗin da za ka zuba yanzu daga ina suka fito, sannan dukiyarka gaba ɗaya ya aka yi ka tara ta. Mu kuma kowa ya san yadda muke kasuwanci, ka shiga kasuwar ƙauye wajen Kachia da kuɗi a jaka ka auni citta a hannun manomi, wa zai ba ka rasit? A Dawanau ma amana ce da littafin dillali. Sai da na zauna da akanta na sati guda muna haɗa takardun lodin jirgi da inbois da alat ɗin banki na shekara uku, kowace kwantena da kuɗin da suka shigo a kanta. Matar da ke tantancewa a can ta kira ni ta bidiyo, na riƙe fasfo kusa da fuskata, ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya cikin mutunci ba wulaƙanci ko kaɗan. Sun riga mu da awa uku, don haka in ba ka amsa imel da safe ba to sai gobe kenan.

Akwai kuma tambayar ko kana da ɗan uwa mai riƙe da muƙamin siyasa. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya ya taɓa zama ɗan majalisar jiha, yaron Wuse ya ce "ranka ya daɗe kawai ka rubuta babu." Ban yarda ba na rubuta akwai, aka ƙara min fom ɗaya da 'yan tambayoyi aka wuce. Wannan shawarar tasa ta ɓata min rai ƙwarai, don na can suna da manhajar da suke binciken sunaye, in suka kama ka da ƙarya sau ɗaya shi kenan an rufe fayil.

Da farko na ɗauka don ni ɗan Najeriya ne ake matsa min, daga baya na fahimci su ma sun taɓa ƙonewa. A Fabrairun 2020 hukumar FATF da ke Faris, mai sa ido kan halasta kuɗin haram, ta saka Morishus cikin jerin ƙasashen da ake sa wa ido, Tarayyar Turai ma ta saka su a nata jerin, ba su fita daga na FATF ba sai Oktoban 2021. Ƙasar da harkar kuɗi ke cikin manyan abin da take ci da shi ba za ta so a maimaita ba, dokarsu ta yaƙi da halasta kuɗin haram, FIAMLA ta 2002, ma ta hana biyan tsabar kuɗi sama da rupi 500,000. Mu kuma Najeriya mun shiga jerin na FATF a Fabrairun 2023 sai Oktoban 2025 aka cire mu, ni ko takarduna a tsakiyar wannan lokacin suka faɗa, shi ya sa aka ninka min bincike. Kuma in an duba ai mu ma dokarmu ta hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta ce mutum kar ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba, kamfani miliyan 10, bin ta ne dai ba mu saba ba.

Maganar kuɗin aiki, na buɗewa sun faɗa tun farko, amma na shekara shekara, wato na daraktoci biyu mazauna can da na odita da sabunta lasisi, sai da na sa hannu na gan su a rubuce. Dan Allah duk mai zuwa ya ce a rubuta masa wannan kafin ya biya ko sisi.

Kamfanin gudanarwa na can na yaba musu gaskiya, akawun na aiki, kuɗin kaya na shigowa lafiya, sai dai duk kuɗin da ya shigo daga sabon kwastoma sai sun nemi inbois da kwantiragi kafin su saki. Na Wuse kuma in za a ba su maki biyu cikin biyar zan ba su. Wanda kasuwancinsa bai wuce kwantena ɗaya ko biyu a shekara ba ni dai ban ga ribar ba, akawun ɗin dala na nan gida ya ishe shi. Yanzu haka na can sun turo min imel wai lokacin sabunta bayanai ya yi, gobe zan koma banki a fitar min da sabon sitetimen.