MasterClass: abin da kuɗinka ke saya daga bakin shugabannin Disney, Starbucks da PepsiCo

MasterClass dandali ne na koyarwa ta bidiyo wanda aka buɗe a Amurka a shekarar 2015. Sana'arsa ita ce ya ɗauko wanda ya yi suna a wani fanni, ya zaunar da shi gaban kyamara, ya yanka hirar gunduwa-gunduwa, kowane kashi kimanin minti goma zuwa sha biyar. Akwai girki, waƙa, rubutu, wasanni. Wannan sharhi ya tsaya kan ɓangare ɗaya, wato darussan shugabanci na waɗanda suka riƙe manyan kamfanoni, musamman mutum uku: Bob Iger na kamfanin finafinai Disney, Howard Schultz na kamfanin shagunan kofi Starbucks, da Indra Nooyi ta kamfanin lemo PepsiCo. Tambayar ita ce ko mai riƙe da ma'aikata, manaja ne a banki ko mai masana'antar kansa, zai fita da abin da zai yi aiki da shi ranar Litinin.

A fara da kuɗi, tunda nan ake fara tuntuɓe. Ba a sayar da darasi ɗaya shi kaɗai, rajistar shekara ake yi, ta buɗe maka komai. A 2023 kamfanin ya sauke farashi mafi ƙanƙanta daga dala 180 zuwa dala 120 a shekara. A talla za ka ga an rubuta dala 10 a wata, amma ba wata-wata ake cira ba, kuɗin shekarar gaba ɗaya ake zarewa lokaci guda. A tsarin na 2023, matakin dala 120 na na'ura ɗaya ne kuma bai ba ka damar sauke bidiyo a waya ba. Mataki na biyu, dala 180, na'ura biyu ne, na uku kuma dala 240, na'ura shida, kuma waɗannan biyun ne ke da damar saukewa a kalla ba tare da intanet ba. Farashin yana motsi, kuma ana yawan yin rangwame a ƙarshen shekara, don haka a duba shafinsu kafin a biya. Ga wanda ke zaune inda intanet ke zuwa yana ɗaukewa, wannan bambanci na saukewa shi ne babba. Bidiyon nasu mai nauyi ne, an ɗauke shi kamar fim, kuma awa ɗaya a hoto mai kyau tana iya lashe kusan gigabayit guda na data. Wanda ya sayi mataki na farko don ya rage dala 60 yakan ƙare da biyan ta a wajen kamfanin waya. Sannan biyan da dala ne, ba kowane katin naira ko na sefa ke wucewa ba, sai an tabbatar banki ya buɗe wa katin sayayyar ƙasar waje.

Darasin Iger shi ne ya fi nama. Kashi 13 ne, kimanin awa biyu, an fitar da shi a ƙarshen 2019. Ƙarfinsa shi ne bai tsaya kan nasiha ba, ya bi manyan cinikayya ɗaya bayan ɗaya: sayen kamfanin finafinan katun Pixar a 2006 kan dala biliyan 7.4, Marvel mai labaran jarumai a 2009 kan kusan biliyan 4, da kadarorin 21st Century Fox waɗanda aka kammala sayensu a watan Maris na 2019 kan biliyan 71.3. Abin da ya fi amfani ga ƙaramin shugaba shi ne maganarsa kan fifiko. Lokacin da yake neman kujerar shugabancin Disney a 2005, ya taƙaita duk shirinsa a abu uku: zuba jari a ingantattun finafinai da shirye-shirye masu ɗauke da sunan kamfanin, rungumar sabuwar fasaha, da faɗaɗa kasuwa a duniya. Hujjarsa ita ce idan abubuwan da ka fifita suka wuce uku, ma'aikata ba za su riƙe su ba, kai ma ba za ka san inda za ka hana kuɗi ba. Wannan ana iya gwada shi gobe. Ka tambayi manyan ma'aikatanka biyar, kowa shi kaɗai, me kamfanin ya sa a gaba bana. Idan amsa biyar ka samu, matsalar daga samanka take.

Cinikin Pixar ya cancanci a daɗe a kansa, domin a nan ake ganin yadda shugaba ke yanke shawara. Iger ya sha ba da labarin cewa a watan Satumba na 2005, wajen buɗe filin wasan Disneyland na Hong Kong, yana tsaye yana kallon jerin gwanon taurarin katun suna wucewa, sai ya lura duk waɗanda aka ƙirƙira a shekaru goman da suka gabata kuma jama'a ke so, na Pixar ne, ba na Disney ba. Ke nan sashen da aka gina kamfanin a kansa ya mutu a tsaye. A lokacin dangantaka tsakanin Disney da Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple kuma mai rinjayen hannun jari a Pixar, ta yi tsami sosai. Iger bai fara da tayin saye ba. Ya fara da ƙaramar yarjejeniya wadda Jobs ke so: sanya shirye-shiryen tashar ABC, mallakar Disney, a na'urar iPod mai bidiyo ta Apple, aka sanar a watan Oktoba na 2005. Da amana ta samu, sannan aka shiga babbar magana. Bayan saye kuma bai haɗiye Pixar ba. An bar ta a mazauninta na Emeryville da sunanta da al'adunta na aiki, har ma aka ɗora shugabanninta, Ed Catmull da John Lasseter, a kan sashen katun na Disney kansa. An biya da hannun jari, ba da tsabar kuɗi ba, abin da ya sa Jobs ya zama mutum ɗaya mafi yawan hannun jari a Disney. Matakai huɗu ke nan a jere: ka yarda da rauninka, ka gyara zumunci da ƙaramin abu, ka kare abin da ka saya daga hannun mutanenka, ka sa mai sayarwa ya zama yana da rabo a nasarar. Duk mai shirin haɗa jari da wani, ko sayen shagon abokin gasa, zai ƙaru da wannan.

Na Schultz ya fi gajarta, bai kai awa biyu ba, kuma ya fi karkata ga zuciya. Jigonsa shi ne kula da ma'aikaci ba ya gāba da riba. Yana da abin nunawa: ya sayi Starbucks a 1987 kan dala miliyan 3.8, a 1988 ya ba masu aikin rabin lokaci inshorar lafiya muddin suna yin awa 20 a mako, a 1991 ya fara ba ma'aikata hannun jari. Lissafin da ke ƙarƙashin wannan mai sauƙi ne. Duk ma'aikacin da ya tafi, sai ka kashe kuɗi ka nemo wani, ka horar da shi, kuma kafin ya ƙware abokin ciniki ne ke shan wahala. Wanda ya san abin da ya faru a 2008 zai fi fahimtar maganarsa kan lokacin rikici. Ya dawo kujerar shugabancin da ya sauka daga kanta a baya, a watan Janairu na shekarar, bayan kamfanin ya buɗe rassa fiye da kima, inganci ya faɗi. Ranar 26 ga Fabrairu ya rufe shaguna kusan 7,100 a faɗin Amurka na tsawon awa uku da rabi don a sake koya wa ma'aikata haɗa kofi yadda ya kamata. Daga baya a shekarar ya sanar da rufe rassa kusan 600 gaba ɗaya. Darasin yana motsa rai, amma ya yi ƙarancin lissafi. Ba za ka ji kashi nawa na ciniki ya kamata albashi ya ci ba, ko yadda ake gane reshen da za a rufe da wanda za a yi wa haƙuri. Mai gidan abinci ko mai rassan kantin magani irin waɗannan lambobi yake nema.

Darasin Nooyi, wanda ya fito a 2022, ya fi dacewa da wanda yake hawa matakala a cikin kamfanin wani. Ta shiga PepsiCo a 1994, ta zama shugabar sashen kuɗi a 2000, ta karɓi kamfanin a 2006, ta riƙe shi shekara 12, cinikinsa ya tashi daga kimanin dala biliyan 35 zuwa sama da biliyan 63 a 2017. Ta matsa wa kamfanin lemo da soyayyen dankali ya rage sukari da gishiri, ya ƙara kayan da suka fi lafiya, alhali masu hannun jari na son ribar wata uku. Attajirin mai zuba jari Nelson Peltz ya taso ta gaba daga 2013 yana neman a raba kamfanin biyu, ta ƙi, ya sayar da hannun jarinsa a 2016. An kuma san ta da rubuta wa iyayen manyan ma'aikatanta wasiƙar godiya kan tarbiyyar da suka ba 'ya'yansu. Wannan ba zai zama baƙon abu ga Bahaushe ba, wanda ya san ba a ɗaukar yaro aiki ba tare da an san gidansu ba. Ga mata masu aikin ofis da ke fama da gida da aiki a lokaci guda, nata ne ya fi kusa da halin da suke ciki.

Babban giɓin dandalin ba na fasaha ba ne. Kowane malami shi ke ba da labarin kansa, ba wanda ke zaune gefe yana ce masa to amma fa. Kuma an ɗauki bidiyon a lokaci guda, duniya ta ci gaba da tafiya. Iger ya yi magana kan Disney+, manhajar kamfanin ta kallon finafinai a intanet, a matsayin misalin tunkarar sauyi, daidai lokacin da aka ƙaddamar da ita a Nuwamba 2019. Shekara uku bayan haka sashen kallon intanet na kamfanin ya yi asarar kusan dala biliyan 1.5 a cikin wata uku kacal. Farashin Fox ma ya fara ne a biliyan 52.4, sai kamfanin sadarwa Comcast ya shigo da tayin biliyan 65, Disney ta ƙara har 71.3, kuma har yau masana na jayayya kan ko an yi tsada. Mai kallo da bai san wannan ba zai ɗauka duk babban tsalle alheri ne.

Abin da ya fi damuwa shi ne batun magaji, wanda shi ne jarrabawar ƙarshe ta kowane shugaba. Iger ya miƙa wa Bob Chapek a Fabrairu 2020, hukumar daraktoci ta sauke Chapek a Nuwamba 2022 ta dawo da Iger, wanda bayan wata uku ya sanar da sallamar ma'aikata 7,000. Schultz ya riƙe Starbucks sau uku. Ya sake dawowa na riƙon ƙwarya a 2022, Laxman Narasimhan ya karɓa a Maris 2023, aka cire shi a Agusta 2024. A zuwansa na uku kuma Schultz, mai wa'azin mutunta ma'aikaci, ya shiga takun saƙa da ma'aikatan da suka fara kafa ƙungiyar ƙwadago a birnin Buffalo a Disamba 2021, har ya bayyana gaban kwamitin majalisar dattawan Amurka a Maris 2023 yana amsa tambayoyi. Cikin ukun, Nooyi ce ta miƙa wa Ramon Laguarta a Oktoba 2018 ta tafi ba ta waiwaya ba. Darussan Iger da Schultz an ɗauke su kafin waɗannan abubuwa, don haka babu su a ciki. A ƙasarmu, inda kasuwanci da yawa ke bin mai shi kabari, ko ya tarwatse wajen rabon gado, wannan ne darasin da aka fi buƙata, kuma shi ne wanda kuɗin rajista bai saya ba.

Akwai sauran abubuwan da ya kamata a sani. Darussan nan uku da Turanci ake yin su, sai dai akwai rubutu a ƙasan allo kuma ana iya rage saurin maganar. A waɗannan darussa babu jarrabawa, babu malamin da zai duba aikinka, babu takardar shaidar da jami'a ko ma'aikata za ta karɓa. Wanda ke neman abin da zai sa a takardar neman aiki, ba nan zai zo ba. Kowane darasi yana zuwa da ɗan littafin aiki da ake saukewa, kuma shi ne ke mayar da kallo karatu.

Hanyar da ta fi biya ita ce kada a kalle shi kamar fim a dare ɗaya. A zaɓi malami ɗaya. Kafin a kunna, a rubuta matsala ɗaya ta gaske da ke kan tebur, misali manajan reshe da ba ya kawo ciniki amma ɗan'uwa ne, ko abokin haɗin jari da ake son a raba gari lafiya. A kalli kashi biyu a mako, ba fiye ba, a rubuta abu ɗaya da za a gwada, a sa masa rana. Idan da hali a kalla tare da mataimaka biyu ko uku a yi gardama a kai, domin rajistar na'ura shida idan aka raba ta tsakanin mutanen gida ɗaya tana sauƙi. Sannan bayan kowane darasi a nemi labarin abin da ya biyo baya a jaridun kasuwanci, a ga inda maganar ta tsaya da inda ta faɗi.

Wanda ke jagorantar mutum goma zuwa sama, yana jin Turanci sosai, kuma yana gab da wata babbar shawara kamar haɗa jari, buɗe rassa ko sauya alƙiblar kamfani, darasin Iger kaɗai zai iya mayar masa da kuɗinsa. Wanda yake farawa, wanda matsalarsa ita ce ajiye lissafi, sa farashi, da raba aljihun gida da na shago, gara ya kai dala 120 ɗin wajen akawun da zai zauna da shi ya tsara masa littafi. Ga wanda ya yanke shawarar gwadawa, kamfanin yana mayar da kuɗi idan aka nema cikin kwana 30 na farko, muddin a shafinsu aka biya kai tsaye, ba ta shagon manhajar waya ba. Rajistar kuma tana sabunta kanta idan shekara ta zagayo, don haka a shiga saitin asusun a kashe sabuntawar tun ranar da aka biya, darussan za su ci gaba da buɗewa har ƙarshen wa'adin.