Bukuru ko Mbamba ga mai son zama faston LCCN

Salama ƙanena. Na ga tambayarka, ka ce kai ɗan LCCN ne, wato cocinmu na Lutaran, a nan Jos, ka gama sakandare kana jin kiran Ubangiji, to makarantar koyon aikin fasto ta TCNN a Bukuru za ka ko ta Bronnum da ke Mbamba a Yola. Dukansu makarantun kirki ne amma fa ba abu ɗaya za su ba ka ba.

Bukuru dai ga ta a bakin ƙofa, kuɗin mota kaɗan, in abinci ya ƙare ka leƙa gida. TCNN ta TEKAN ce gaba ɗaya, wato Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Najeriya, ba ta LCCN kaɗai ba, tun ƙarshen shekarun 1950 take horar da ma'aikata kuma digirinta a ƙarƙashin Jami'ar Jos yake. A aji ɗaya za ka zauna da 'yan sauran ikilisiyoyin TEKAN irin su ɗan COCIN da ɗan EYN da CRCN da NKST, ranar da aka taɓo maganar baftisma ɗan EYN zai ce maka sai mutum ya girma ya ba da gaskiya sannan a nitsar da shi cikin ruwa sau uku, kai kuma tun kana jariri aka yi maka taka, to dole ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka nuna dalilinka, ba ka ce haka muka tarar ba. Gaskiya wannan yana wasa ƙwaƙwalwa sosai. Sai dai tsarin sujadarmu da ƙaramin katikisim na 1529, wato littafin koyar da bangaskiya na Martin Luta, da shaidar bangaskiya ta Ogusbog ta 1530, sai ka riƙe su da kanka ka kuma manne wa cocinku duk Lahadi.

Mbamba kuwa gidanmu ce, sunanta ma na Dakta Bronnum ne, likitan nan ɗan Danmak da ya iso Numan a 1913. Can tun daga addu'ar safe har yadda ake tsayuwa gaban bagadi a ba da jibin Ubangiji duk irin namu ne, ga hedkwata a Numan ba nisa, yawancin ikilisiyoyinmu ma a Adamawa suke. Zafin Yola a Maris da Afrilu kam ɗan Jos zai ji a jikinsa.

Inda na fi so ka duba shi ne firaktikal, lokacin da za a tura ka ikilisiya ƙarƙashin wani fasto. A Jos ko Abuja sau da yawa babban coci ne, fastoci sun isa, kai sai makarantar Lahadi da matasa, wa'azi kuma sai an ɗan sam maka. A ƙauye kai ne za ka koyar da ajin tabbatarwa, kai ne gaida mara lafiya, ka zauna a gidan makoki har dare, zumuntar mata su kira ka addu'a, dattawa su saka ka a tsakiyar rikicin gona kana ji da kunnenka yadda ake sasanta mutane. Wa'azi kuma da Hausa, wani lokaci da mai fassara zuwa Bachama ko Lunguda, Helenancin Sabon Alkawari da ka sha wahala a kai a makaranta sai ka sauko da shi har tsohuwar da ke bencin baya ta gane. Kana iya neman ƙauye ko daga wace makaranta, amma daga Mbamba ya fi zuwa da sauƙi.

Ni dai in ƙanena ne na ciki ɗaya, Mbamba zan ce ya fara, in tushe ya kafu ya dawo Bukuru ƙarin karatu. In kuma kuɗi ko iyali sun riƙe ka a Jos, shiga TCNN da gaba gaɗi, fastocinmu da yawa can suka yi. Kafin ka sayi fom ka fara zama da fastonku da dattawa su kai maganarka gaban dayosis, domin makaranta takardar shaida take bayarwa, naɗi kuwa ikilisiya ce ke yi. Ka tambaye su ko za su taimaka da kuɗin makaranta, da inda suke so ka yi firaktikal.