Irin garka a Tawa: wanne za ka saya, kuma a hannun wa?

Da an gama yankan hatsi iska ta fara juyawa, masu garka a Tawa sai su bazama neman iri. Oktoba da Nuwamba ne lokacin zuba reno, don dashe ya faɗo cikin sanyi, a kwashe amfani kafin zafin Afrilu da Mayu, lokacin da furen tumatir ke kakkaɓewa bai ɗaura ɗa ba. Noman rani ya yi ƙarfi a ƙasar nan tun bayan farin 1984, zamanin Seyni Kountché, amma har yau mai ƴar garka a bayan gida, iri ne ke fara kayar da shi. Ana samun sa a hannun manomi, ana samun na gwangwani a kanti, ga kuma na awo da ake kasawa a faranti ranar Lahadi a kasuwa.

Ni dai ba na ɓoyewa, in ana maganar albasa, na hannun manomi nake saye, kuma ƴar Galmi. Galmi na kan babbar hanya tsakanin Ƙonni da Madawa, albasarta ce ake lodi zuwa Gana da Kwaddibuwa. Ja ce mai duhu, ga yaji, ga nauyi a hannu, ta san ƙasarmu ta san ranarmu, kuma in an busar da ita da kyau tana yin watanni a rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ba ta ruɓe ba. Wannan ajiyar ita ce ribarta, domin a kakar albasa kowa na da ita, sai damina ta kama take daraja. Akwai farar Sukukutan da farar Goteye, suna da masoyansu, amma a gidana ba su da fangali.

Sai dai sunan Galmi kaɗai bai isa ba. Irin ƙwarai shekara biyu yake ci: manomi ya zaɓi ƙwayoyin albasa masu kyan kama da launi, ya ajiye su, ya sake dasa su, su fidda kara su yi fure, sannan ya yanki kawunan in sun nuna. Mai gaggawa kuwa daga albasar da ta yi fure tun shekarar farko yake tarawa. Wanda ya shuka wannan, tasa ma kara za ta yi ta fiddawa, ƙwayar ta tsaya ƙarama mai taurin wuya, ba ta ajiyuwa. Don haka tambayar farko da nake wa mai iri ita ce: daga dashen ƙwaya ya fito, kuma na bana ne?

Na bana, domin irin albasa ba ya da dogon rai. Na tumatir yakan kai shekara uku ko huɗu in ya samu wuri mai sanyi, na albasa kuwa da ya wuce shekara a zafin Adar ƙarfinsa ya tafi. Da kuɗina na koyi wannan. Wata shekara na sayi rabin kofin shayi a hannun wani mai faranti, iri baƙi wuluk yana sheƙi, ya rantse mini na bana ne. Na gyara fangali uku, na zuba ruɓaɓɓen taki, na rufe da ciyawa, ina ba da ruwa safe da yamma. Kwana goma sha biyu, abin da ya tsiro sai ka ƙirga da yatsu. Na kai ragowar wajen wani dattijo mai garka a fadama, ya murza a tafin hannu, ya sansana, ya nuna mini maiƙo a fatarsa. Ya ce, "Ɗana, tsohon iri ne aka shafa wa mai, aka barbaɗa sabo a kai." Na ce, "Baba, yanzu yaya zan yi?" Ya ce in sake zubawa, amma in san dashena zai makara. Haka kuwa aka yi, zafi ya riski albasar ba ta gama ƙwaya ba. Kuɗin irin bai dame ni ba kamar makonnin sanyin da suka wuce ni.

Tun daga ranar na daina amincewa da ido. Sheƙi ba shaida ba ne, launi ma haka. Irin kamfani yakan zo da ja ko shuɗi saboda maganin da aka shafa masa (a nisanta shi da yara da kaji), to macuta sun gane mutane na neman launin, sai su rina nasu. Wasu su samu gwangwanin da aka gama da shi su cika da abin da suka ga dama. Wasu shagunan kuma su fasa gwangwani su ƙulla a ƴan ledoji, ba suna ba kwanan wata, a rataye ƙarƙashin kwano rana na dukan su wata da watanni. Ko irin asali ne, a haka mutuwa yake. In za ka sayi na gwangwani, duba bakin ko a rufe yake tun daga kamfani, duba tsatsa, duba ranar da aka cika shi da lambar kaso nawa ke tsira. In da Faransanci aka rubuta ba ka iya ba, ka tafi da ɗan lakwal ya karanta maka. Mai kantin da ya hana ka juya gwangwani a hannu, bar masa kayansa.

Abin da ya fi duka shi ne gwaji. Sayi kaɗan, ƙirga ƙwaya 20, shimfiɗa su a jiƙaƙƙen tsumma, naɗe, sa a kwano cikin inuwa, kana yayyafa ruwa kada ya bushe. Tumatir mako guda, albasa kwana goma. In ƙasa da 15 suka fito, kada ka koma. Irin albasa ma kana iya zuba tsunkule a kofin ruwa, holoƙon zai taso sama.

Sauran kayan miya ba su da wannan dogon zance. Shu (kabeji) da karoti dole na kanti, don ba a samun irinsu mai kyau a nan. Karoti kuma ba a dasa shi, inda zai zauna ake shuka shi. Tumatir, Roma ta ishe gida, tana da tsoka, tana shanyuwa ta zama kauɗa, kana kuma iya cire irinka. Tumatir Icrixina da salatin Maya, waɗanda cibiyar binciken noma ta ICRISAT da ke Sadore kusa da Yamai ta yaɗa, sun fi jure zafi, in ka same su a hannun amintacce ka ɗauka. Masu tambarin F1, wato irin da kamfani ya haɗa daga iyaye biyu, irin su tumatir Mongal, suna zuba ƴaƴa, amma da tsada, kuma irin da ka cire daga gare su ba ya maimaita uwarsa. Na mai noman sayarwa ne. Giram ɗaya na tumatir ya kai ƙwaya 300, mai tsakar gida ba ya buƙatar gwangwani guda.

Wurin reno kuwa, tiren roba mai ramuka yana da kyau amma rana na fasa shi. Tsohuwar roba da aka huda gindinta, rairayi da ruɓaɓɓen taki, ta wadatar ga tumatir da shu, su kai kwana 25 zuwa 30. Albasa fangali take so, sai ta yi kamar kwana 45 ta kusa kaurin fensir. Kada a cika ruwa, shi ke sa tsiro ya ruɓe ta gindi ya kwanta.

Irin albasar baɗi kuma tun yanzu nake kama shi. Idan kawunan fure suka fara bushewa a ƙarshen sanyi, nakan je garkar mai irin da kaina in ga abin da ya dasa, in ba da kafin alƙalami, in an sussuka in karɓi rabona in zuba a kwalba mai murfi, in sa a ɗakin ƙasa inda ya fi sanyi har Oktoba.