Fensir, Biro ko Allo: Me Mai Koyon Zane Zai Fara Saya a Kumasi?

Ɗan yayata da ke Aboabo zane ya shiga ransa, har yana maganar karanta shi a jami'ar KNUST da ke nan Kumasi. Ya zo mini da hoton akwatin fensira goma sha biyu a waya, wai "Kawu, a taimaka." Na miƙa masa takarda na ce ya ja mini miƙaƙƙen layi tukuna. Layin ya fito a karkace kamar tsutsa. Wanda yake wannan mataki, wato layi, da'ira, murabba'i da alwatika, yawan takarda yake bukata, don hannu sai ya maimaita sau ɗaruruwa kafin ya faɗa.

Mu fara da fensir, tunda nan kuɗi ya fi zurarewa. Bakin fensir haɗi ne na girafayit (baƙin ma'adinin da ke barin alama a takarda) da yumɓu, dabarar da Bafaranshe Conté ya fito da ita a 1795. In yumɓu ya yi yawa sai ya yi tauri, layinsa ya fito fari-fari, shi ne mai alamar H. In girafayit ya rinjaya sai ya yi laushi da baƙi, shi ne B. HB na tsakiya, lambar da ke tare da H ko B kuwa ita ke nuna yawan taurin ko laushin. Ni dai HB ɗaya da 2B ɗaya nake cewa a saya, shi ke nan. 2H yana sa ɗan koyo ya riƙa dannawa har ya tsaga wa takarda kwari, 6B kuwa yana dakushewa da wuri, gefen hannu ya shafe shi, shafi ya yi dumu-dumu. Ranar su na zuwa, in an kai ga sa wa zane inuwa.

Staedtler da Faber-Castell na Jamus sun fi Nataraj na Indiya tsada, kuma ba banza ba: bakinsu bai cika karyewa wajen fiƙa ba, 2B ɗinsu kuma 2B ne kullum. Amma don jan layi, mai arahar ma ya wadatar. Ko wanne ka ɗauka, a shagunan Adum ko a teburan Kejetia, juya gindinsa ka duba. In baƙin bai zauna daidai tsakiyar katako ba, ajiye shi, fiƙa za ta cinye shi. Fensir mai matsawa mai bakin milimita 0.5 ba ya bukatar fiƙa, sai dai kaurin layinsa ɗaya ne, kuma da ka ɗan danna ya karye.

Biro fa? Wallahi na fi son shi ga mai saurin goge-goge. BIC ɗin da ke aljihun kowa ba ya goguwa, don haka dole ka auna da ido, ka kaɗa hannu a iska sau biyu ko uku, sannan ka ja layin a tashi ɗaya. Aibinsa shi ne tawada takan taru a baki ta ɗiga, kuma kuskure yana nan yana kallonka, wanda hakan kan karya gwiwar yaro ƙarami. Shi a bar masa fensir, da farin magogi mai laushi. Jan da ke gindin fensir ɓata takarda kawai yake yi.

Takarda ita ce maganar. Littafin zane mai kauri yana da kyau a ido, amma na sha ganin an saye shi an adana, ana tsoron ɓata shi. Rim ɗin A4 na fotokofi, mai giram 80, falle 500 ne, gaba da baya shafi dubu. Babu mai jin ciwon ɓata falle guda. In rim ya yi nauyi a aljihu, ku haɗa kuɗi ku biyu, ko ka roƙi mai fotokofi na unguwa takardun da suka lalace, bayansu fari ne tas. A3 ninkin A4 ce, ita ke tilasta maka jan layi daga kafaɗa maimakon wuyan hannu, sai a sayi 'yan fallaye. Littafin makaranta mai layi-layi kuwa ruɗa ido yake yi. Da damina a sa takarda cikin leda, danshin Kumasi yana sa ta lanƙwashe.

Kada mu manta da allo. Masu zayyanar sauka a zango ai da da'ira da murabba'i da alwatika suke ƙawata shi, da alƙalami da tawada. Ka cika, ka wanke, ka sake, ba ka sayi komai ba. A nemi wani daban dai, kada a taɓa na karatu. Illarsa ɗaya: ba za ka iya ajiye aikin watan jiya ka gwada da na yau ba.

Rula da kamfas kada a saya sabo, na akwatin lissafin makaranta sun isa. Aikinsu dubawa ne bayan an zana da hannu, a ɗora a ga inda aka kauce.

Ɗan yayar tawa ya tafi da HB, 2B, biro da rabin rim. Na ce ya riƙa rubuta kwanan wata a kusurwar kowane falle, in takardar ta ƙare ya kawo mini, mu yi maganar akwatin.